Miura, Dino, Countach da F355 a kan hanya guda: wadda zan zaɓa

Shekara 11 ke nan ina aiki a wani ƙaramin gareji a gefen birnin Modena, arewacin Italiya, inda ba ma taɓa komai sai tsofaffin motocin gudu. Mu huɗu ne a wurin: maigidanmu da ya haura shekara 70, ɗansa, wani mai aikin wayarin, sai ni. Ƙa'idar gidan ita ce mota ba ta komawa hannun mai ita sai an fita da ita gwaji, kuma tun da gwiwa ta fara matsa wa maigida, fitar ta dawo wuyana. Ko ɗaya daga cikin motoci huɗun nan da zan kwatanta ba tawa ba ce. Amma na kwanta a ƙarƙashinsu, na zura hannu cikin injinsu, na hau tudu da su na gangaro, kowacce ba sau ɗaya ba.

Hanyar gwajinmu guda ce kullum. Mu bi ta Maranello, garin da masana'antar Ferrari take, mu kama tsohuwar hanyar da ke hawa zuwa Serramazzoni, kusan kilomita 20 na kwana bayan kwana, har a kai tsayin da ya kusa mita 800. A irin wannan hanya doka ba ta yarda ka wuce kilomita 90 a awa ba, cikin ƙauyuka kuwa 50. To, wannan shi ne ma'aunina. Mujallu suna son su ce wannan tana cin 280, waccan tana cin 295. Ni abin da nake tambaya shi ne, kana kan 70, a giya ta uku, a tsakiyar kwana, me motar take gaya maka? Sai tambaya ta biyu, irin ta bakanike: in ta dawo gareji, me za ta ci na lokaci da na aljihu?

Wadda ta fi girgiza ni ita ce Lamborghini Miura, don haka da ita zan fara.

Ferruccio Lamborghini tarakta yake ƙerawa kafin ya kafa kamfanin mota a Sant'Agata Bolognese a 1963, tafiyar rabin awa daga inda nake. A wancan lokacin duk wata babbar motar hanya mai silinda 12, injinta a gaba yake. Samarin injiniyoyinsa, Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani, su suka ɗauko injin suka kwantar da shi a gicciye a bayan kujeru. An fara nuna ƙashin motar tsirara, babu jiki, a baje kolin Turin na 1965. Marcello Gandini na gidan Bertone ya zana mata jiki yana ɗan shekara 27, aka buɗe ta a Geneva cikin watan Maris na 1966. Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi bai wuce mita ɗaya da 'yan santimita ba. In ka tsaya kusa da ita, rufin a daidai ƙugunka yake.

Wadda aka kawo mana samfurin P400 S ce, mai ƙarfin doki 370, ruwan lemo, da gashin idon nan baƙi da ke zagaye fitilunta. Tana zuwa tana tari. Wani garejin da ta biya ta can kafin mu ya dagula saitin kafireta, ita kuwa kafireta huɗu gare ta na Weber, kowacce da maƙogwaro uku, wato baki 12 da dole su shaƙi iska daidai wa daida. Na ɗauko na'urar auna iska zan fara, sai maigida ya dafa kafaɗata.

"Ɗana, ajiye wannan tukuna. Kawo kunnenka."

Ya miƙo min wani guntun tiyo na roba da bai kai kamu biyu ba. Baki ɗaya a kunne, ɗayan a bakin maƙogwaron kafireta, injin yana tafiya a hankali. Kowane baki yana da irin shessheƙarsa. Na farko siririya, na biyu siririya, na biyar kuwa sai ka ji ta yi kauri kamar mai mura. Sai ya juya ɗan sukurun da kwatan zagaye, ya dube ni.

"Yanzu fa?"

"Ta daidaita, Maigida."

"Je ka na shida."

Wuni guda muka yi a kai. Da muka gama na sa na'urar don in tabbatar, ba ta nuna wani abin gyara ba. Na kawo wannan ne don mai karatu ya gane irin kayan da Miura take: mota ce da lafiyarta take hannun mutum ɗaya mai kunne, kuma irin waɗannan mutane suna ƙarewa.

A kan hanya kuwa, gani ya kori ji. Tsakanin ƙeyarka da waɗancan bakuna 12 babu komai sai gilas guda. Ka taka totur, ka ji iska tana ruftawa cikin injin a bayan kunnenka, ga ƙarar sarƙoƙi, ga kukan haƙoran giya, duk a haɗe, har ka daina jin muryar wanda ke gefenka. Daga juyin inji 4,000 a minti zuwa sama sautin yana sauyawa, ya koma wani abu da ban taɓa ji a wata mota ba. Gashin jikina ya tashi a ranar farko, kuma har yau yana tashi.

Sai dai an yi ta ne da tunanin kyau da gudu, ba da tunanin jikin direba ba. Zaman na kishingiɗe ne, hannu a miƙe, gwiwa a lanƙwashe, abubuwan takawa sun karkata zuwa tsakiya saboda rumbun tayar gaba. Faffaɗan gilashin gaba yana tara rana, injin yana turo zafi ta baya. Tankin mai a hanci yake, saboda haka duk yadda mai ya ragu, haka gaban yake ƙara sauƙi, kuma sanannen abu ne cewa samfuran farko suna ɗaga hanci in aka kai su babban gudu. Injin da giyabos baƙin mai ɗaya suke sha, abin da ba a raba ba sai a ƙarshen samfurin SV, wanda ya fito a 1971 da doki 385. Shi ya sa giyarta take son a bi ta sannu, a ɗan dakata a tsakiya kafin a tura. A hanyar Serramazzoni ban taɓa jin na saki jiki da ita ba. Kullum ina sane da cewa abin da ke hannuna ɗaya ne daga cikin 760 da 'yan kai da aka ƙera zuwa 1973, kuma kuɗinsa ya haura Yuro miliyan ɗaya. In na dawo na kashe ta, sai in zauna minti biyu kafin in fito, rigata a jiƙe. Minti 40 a cikin Miura sun ishe ni, amma ba zan musanya su da komai ba.

Sai Dino 246 GT ta kamfanin Ferrari, wadda saboda ita na zauna rubuta wannan.

Da farko, a jikinta babu sunan Ferrari ko ɗaya daga masana'anta, babu kuma dokin nan mai tsalle na tambarin kamfanin. Abin da ke hancinta ɗan tambari ne mai ɗauke da kalmar Dino. Sunan ɗan mai kamfanin Enzo Ferrari ne, Alfredo, wanda ake kira Dino, ya rasu a 1956 yana da shekara 24, bayan ya yi aiki tare da injiniya Vittorio Jano a kan tunanin injin mai silinda 6. Dokar tseren Formula 2 ta 1967 ta buƙaci injin ya fito daga motar da aka ƙera aƙalla 500, Ferrari kuwa ba shi da ƙarfin yin wannan adadi, sai aka haɗa kai da Fiat ya riƙa ƙera injin. Wannan ne ya sa shekaru da yawa wasu masu hannu da shuni suka riƙa yi mata kallon 'yar bora. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Ta fito a 1969, ta gaji 206 GT mai jikin alminiyam da aka yi kaɗan. Injinta lita 2.4 ne, doki 195 a juyi 7,600, a gicciye a bayan kujeru kamar na Miura, amma rabin silindar. A takarda ƙarfinta da kaɗan ya wuce rabin na Miura. Motar iyali ta yau mai ɗan ƙarfi za ta iya barin ta a fitilar hanya. Duk wannan gaskiya ne, kuma duk ba shi da muhimmanci da zarar ka zauna a ciki.

Abu na farko da za ka lura da shi, kana gani. Kafaɗun gaba biyu sun taso a hagu da dama kamar tuddai, suna nuna maka daidai inda kowace taya take. Ginshiƙan gilas sirara ne. Gilashin baya kuwa an lanƙwasa shi ya zagayo ciki, har kana iya ganin gefenka in za ka shiga hanya. Gidan Pininfarina ne ya zana ta, kuma duk wanda ya yi wannan zane ya yi tunanin wanda zai zauna a ciki, ba mai kallo daga waje kaɗai ba.

Da safe tana da ladabinta. Ka murɗa makulli rabi, ka saurari famfon mai yana ƙyas-ƙyas har ya lafa, ka taka totur sau biyu, sannan ka tayar. Giya ta ɗaya tana hagu ta baya, a cikin farantin ƙarfen nan mai tsage-tsage da sandar giya ke bi. Giya ta biyu ba ta son a taɓa ta sai man giyabos ya ɗumama, don haka mu da muka saba daga ta ɗaya muke tsallakawa ta uku har mu fita daga Maranello. Maigida ya koya min kada in wuce juyi 3,000 sai allurar zafin mai ta motsa, ba ta ruwa ba. Kafin a kai gindin tudu komai ya saki, daga nan sandar giya ta fara shiga da wani ɗan "ƙal" mai daɗi a duk canji.

Akwai wata kwana a hawan nan, ta dama, mai tsuke baki a ƙarshe, da bangon dutse a gefe. A Miura nakan shige ta da addu'a. A Dino nakan sauko ta biyu, in ɗora hancin a inda nake so, sitiyarin ya ɗan yi nauyi a tafin hannuna yayin da tayoyin gaba suka kama, sai ya sake yin sauƙi da na fara taka totur nauyi ya koma baya. Babu na'urar taimaka wa sitiyari, kuma ba ta buƙata, domin gabanta ba nauyi, duk motar ma ba ta fi tan ɗaya da kaɗan ba. In kwalta ta canza daga sabuwa zuwa tsohuwa, za ka ji a yatsunka. In taya ɗaya ta hau ganyen da ya jiƙe, za ka sani kafin motar ta motsa. Kuma duk wannan yana faruwa ne a kan 60 ko 70. Kana iya kai injin har 7,000 a giya ta biyu, ka sha kukansa, kafireta uku suna shaƙa a bayanka, ba tare da ka zama abin tsoro ga mai keke da ke gaba ba. Ƙarfinta daidai hanyar yake. Za ka iya amfani da shi duka, ka taka har ƙasa, abin da ba za ka taɓa yi da sauran ukun ba a wannan hanya.

Wata rana a watan Oktoba, hazo ya rufe kwarin Modena kamar yadda ya saba, na fita da wata Dino shuɗiya bayan mun gyara mata birki. Ina hawa, ina hawa, sai kawai na huda hazon na fito cikin rana, ƙasa duk fari a bayana. Gwajin birki minti 20 ne. Na kai Serramazzoni ban juyo ba, na zarce har Pavullo. Da na dawo na faɗa wa maigida gaskiya. Ya dube ni, ya dubi motar, ya ce shi ma ya taɓa yin haka da irinta yana saurayi, amma in kira mai motar in gaya masa kilomitar da na ƙara. Na kira shi. Wannan ita ce kaɗai motar da ta taɓa sa na ƙi juyowa.

Ba wai ba ta da laifi ba. Jikin 246 ƙarfe ne, kuma a wancan zamani ba a san wani kirkin kariyar tsatsa ba, a Italiya ko a wani wuri. Layin silinda na gaba yana manne da bangon da ke bayan kujeru, canza fulogi uku na can sai da siririn hannu da haƙuri. Bawul suna son a riƙa duba tazararsu a kan kari. Amma sarƙa ce ke juya sandunan bawul, ba bel ba, kuma yawancin aikinta ana yin sa injin yana zaune a wurinsa. Ga bakanike wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tana ma da ɗan but a bayan injin da zai ɗauki jakar mutum biyu ta kwana biyu, in dai babu abin da zafi zai narkar.

Lamborghini Countach kuwa wata duniya ce. Gandini ne dai ya zana ta, amma kamar ya yi rantsuwa ba zai sake zana lanƙwasa ba. An nuna samfurin farko a Geneva a 1971, aka fara sayarwa a 1974, aka ci gaba har 1990, kuma duk tsawon shekarun nan ba a kai 2,000 ba. Sunan ma kalmar mamaki ce a yaren Piemonte. Wadda na fi sani ita ce 5000 Quattrovalvole ta 1985, lita 5.2, doki 455, faɗinta mita 2, tayoyin baya milimita 345. Ƙofofi sama suke tashi.

A nan Stanzani ya yi wata dabara da nake girmamawa. Ya miƙar da injin a tsaye maimakon gicciye, ya juya shi giyabos ya shigo gaba tsakanin kujeru biyu, sannan sanda ta koma da ƙarfin baya ta cikin kaskon mai. Nauyi ya taru a tsakiya, sandar giya kuma ta shiga giyabos kai tsaye. Motar ta fi Miura natsuwa nesa ba kusa ba. In ta samu hanya miƙaƙƙiya ta kafe a ƙasa kamar an dasa ta.

Amma komai nata da ƙarfi ake yi. Kuloci yana son cinya, sitiyari a tsaye yana son kafaɗa, birki yana son a taka da niyya. Tagar gefe ɗan ƙasanta kaɗai ke sauka. A samfurin Turai kafireta shida suna zaune a saman injin, murfin ya yi ƙusumbi ya rufe ɗan abin da ake gani ta madubin tsakiya. Shi ya sa in za a yi ribas, ake ɗaga ƙofa a zauna a kan dokin ƙofar, a waiwaya ta saman rufi, ƙafa tana kan kuloci. Haka masu gwajin masana'antar suke yi tun da can, haka nake yi in zan shigar da ita gareji. Fiffiken nan na baya da yara suke so a hoto, zaɓi ne da ake biya daban, kuma rage mata gudu yake yi. A hanyarmu ta tudu, ta cika layinta fal. Motar bas ta ɓullo daga kwana, sai ka ji numfashinka ya tsaya. Da ƙyar kake samun wurin da za ka bar giya ta biyu. In kuma kuloci ya ƙare, injin da giyabos gaba ɗaya ake zarowa ta sama.

Duk da haka ban taɓa tsayawa da ita shan mai ba tare da mutane sun taru ba. Wani dattijo ya taɓa sauka daga kekensa, ya zagaya ta sau biyu, ya sa hannu a ƙirji, ya hau kekensa ya tafi bai ce uffan ba. Wannan aiki ta iya shi fiye da kowace mota da na sani.

Ferrari Testarossa ta 1984 zan wuce ta da sauri. Silinda 12 a kwance, doki 390, lagireto a gefe biyu bayan tsagogin nan na ƙofa, faɗi kusan mita 2. Motar babbar hanya ce, tana da daɗi daga Modena zuwa Milan, a kan tudu kuwa nauyinta yana bayyana. F40 ta 1987 ban tuƙa ta ba, a gefe na zauna. Ita ce ta ƙarshe da Enzo Ferrari ya sa wa hannu kafin rasuwarsa a watan Agustan 1988: turbo biyu, doki 478, babu rediyo, babu kafet, da igiya ake buɗe ƙofa daga ciki. Ƙasa da juyi 4,000 lafiya lau, daga nan sai ka ji kamar an hankaɗe ka daga baya. Wurinta filin tsere ne.

Ferrari F355 ce ta rufe min wannan zamani. Ta fito a 1994, bayan Honda NSX ta nuna wa duniya a 1990 cewa motar gudu za ta iya zama mai sauƙin tuƙi, kuma bayan Luca di Montezemolo ya karɓi ragamar Ferrari a 1991. Silinda 8, lita 3.5, bawul biyar a kowace silinda, doki 380 a juyi 8,250. Ka lura, ƙarfinta ya zarce na Miura S da injin da ya fi shi ƙanƙanta. Babu kafireta, kwamfuta ce ke raba mai. Ka murɗa makulli ta tashi, sanyi ko zafi. Sitiyari da taimako, birki ba ya kullewa, iyakwandishan tana aiki da gaske. Giya shida a farantin ƙarfe, daga 1997 kuma aka fara sayar da mai canji da yatsu a bayan sitiyari. Ni mai sanda nake ba kowa shawara ya nema.

A hanyar Serramazzoni ta fi duk sauran gudu, ba tare da ka yi gumi ba, kuma kukan da take yi daga 6,000 zuwa 8,000 siriri ne mai tsaga kunne, na biyu a wurina bayan na Miura. In wani ya ce min mota ɗaya zai saya ya riƙa fita da ita duk mako, ya shiga cunkoso, ya tafi da iyalinsa bakin teku, ita zan nuna masa. An yi fiye da 11,000, kayan gyara suna samuwa, kuma na farkonsu sun cika shekara 30 a 2024, wanda a dokar Italiya yake sauke wa mota harajin mallaka na shekara-shekara. Abin da zai sani kawai shi ne bel ɗin injinta yana gaba, manne da bayan kujeru, kuma hanyar da aka tsara ta canza shi ita ce a sauke injin duka ta ƙasa tare da gadonsa, duk 'yan shekaru. Aikin kwanaki ne, kuɗinsa dubban Yuro.

Abin da ya rage mata a wurina ɗaya ne. A kan 70, a waccan kwana ta bangon dutse, ba ta jin komai. Ta fi ƙarfin kwanar. Tayoyinta ba su fara aiki ba, sitiyarin bai da abin faɗa maka tukuna. Kafin ta fara yi maka irin maganar da Dino take yi, sai ka ninka gudun, a lokacin kuwa ka karya doka, ka kuma sa ran wani a haɗari.

Na san mafi yawan masu karanta wannan, har da ni, ba za mu sayi Dino ba. Mai kyau yanzu ta haura Yuro dubu 200 da nisa, 'yar borar da ta zama mowa. Don haka bari in ambaci wadda ba na so a manta da ita: Alfa Romeo Spider 1600 ta 1966, wadda ake kira Duetto, daga gidan Pininfarina ita ma. Injin gaba, silinda 4, duk alminiyam, doki 109, kafireta biyu, giya biyar, nauyi ƙasa da tan ɗaya. Rufinta da hannu ɗaya ake naɗe shi kana zaune. Ka buɗe bonet komai yana gabanka, fulogi huɗu a jere a tsakiya, minti goma ka gama. Tana kwanciya a kwana fiye da Dino, ba ta da kaifinta, amma yaren da suke yi ɗaya ne. An ci gaba da ƙera zuriyarta har farkon shekarun 1990, saboda haka samfuran baya suna samuwa a kuɗin sabuwar ƙaramar mota. Da ita ɗan maigida yake zuwa aiki daga Afrilu zuwa Oktoba.

In da za a jera min makullai huɗu a kan teburin gareji a ce in ɗauki ɗaya, na Dino zan ɗauka, ba zan ko duba sauran ba. Miura zan roƙa a bar ni in riƙa daidaita mata kafireta sau ɗaya a shekara.

Wanda Allah ya hore wa har zai sayi Dino, ko ita Alfar, kada fenti ya ruɗe shi. Ya tafi da ɗan mayen ƙarfe a naɗe cikin ƙyalle, ya bi ƙasan ƙofofi, dokin ƙofa da bakin rumbun taya. Inda ya ƙi kamawa, galibi foti ne a ƙarƙashi. Ya sa a ɗaga motar ya haska bututun ƙashinta da tocila. Ya ce kada a tayar da injin kafin ya iso, ya dafa shi ya ji sanyi da hannunsa, sannan a tayar a gabansa yana kallon salansa. Ya nemi takardun duk garejin da ta taɓa shiga, ya gwada lambar ƙashi da ta injin da abin da ke rubuce. Sannan ya fita da ita aƙalla rabin awa, sai mai ya yi zafi, ya sauko giya ta biyu a kan gangara ya ji ko za ta shiga ba gardama.